Wayar Malam Maliki a Cikin Akwati

Shugaban wannan taro na iyaye da malamai, wakilin mai girma Hakimin Zango, dagatai da masu unguwanni, limamanmu, shugabar makaranta, abokan aikina, iyayenmu maza da mata da suka baro gona da kasuwa, da ku 'yan matan ajin ƙarshe da ke can baya kuna ƙus-ƙus, assalamu alaikum warahmatullah.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. An ce in yi bayanin yadda iyaye za su taimaki 'ya'yansu wajen neman gurbin jami'a, tunda ni ke raka yaranmu rajista Daura duk shekara. Bayanin ba shi da yawa, amma sai na fara da labarin da ya hana ni sakat tun bara, iyalan da abin ya shafa kuwa sun ba ni izini.

Da yawanku kun san marigayi Malam Maliki mai gyaɗa. Ban taɓa ganin uban da ya tsaya wa karatun 'yarsa kamarsa ba. Shi ya ɗauki Ikilima a babur zuwa Daura, shi ya bi layi cikin rana, da aka nemi lambar wayar da za a riƙa turo saƙo kuwa ya ce a sa tasa, don budurwa ba ta riƙe waya a gidansa. Ikilima ta ci jarrabawa da kyau, burinta aikin jinya. Tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ƙannensa suka yi abin da muka saba. Suka kashe wayar, suka haɗa ta da rigunansa cikin akwatin ƙarfe, suka sa kwaɗo, sai ranar rabon gado. Rabon kuma sai babban wansu ya dawo daga fatauci a Nijar.

Sai ga suna ya fito, Ikilima ta samu gurbi. Amma karɓar gurbin sai da lambar sirri, lambar kuwa ba a tura ta ko'ina sai layin da aka yi rajista da shi, kuma akwai wa'adi. Muka je kamfanin waya neman sabon layi mai lambar wayar marigayin, aka ce mana sai mai layin ya zo da kansa ya dangwala yatsa.

Ana cikin haka mahaifiyarta Madina, tana takaba, ta aiko in zo. Ta ce kullum bayan azahar, idan gida ya yi tsit, tana jin wayar tana kaɗawa cikin akwatin. Na ce mata kewa ce. Ta ce, "Malama, zauna ki ji da kunnenki." Na zauna a ƙofar ɗakin. Jama'a, ni ba mai camfi ba ce, kimiyya nake koyarwa, amma na ji. Ƙarfen akwatin ya yi ta gurnani a hankali, ya tsaya, ya sake. Wayar da aka kashe tun ranar jana'iza. Har yau ban san me zan kira abin ba, kuma ba zan ƙirƙira masa suna ba.

Na sami ƙaninsa Alhaji Musaddiq, na roƙe shi ya buɗe a gaban shaidu. Ya ce shi ba zai taɓa dukiyar marayu ba, yana tsoron Allah. Na san da gaske yake, shi ya sa abin ya fi ciwo. Wa'adi ya wuce akwati na kulle.

Saboda haka, na farko, ku saya wa yaro layinsa da sunansa kafin rajista. In ba ku yarda ya riƙe waya ba, ku riƙe masa, amma layin ya zama nasa, gida kuma ya san inda yake. Na biyu, ina roƙon limamanmu, ku faɗa wa mutane a kan mumbari ko saƙon da aka aiko wa marainiya yana cikin kayan gado, domin mu bakinmu bai kai ba.

Bayan girbi aka buɗe akwatin. Wayar ta faɗo a rabon Ikilima. Aka yi mata caji aka kunna a gaban dangi, saƙonni suka yi ta shigowa ɗaya na bin ɗaya, na farkonsu yana taya ta murna, na ƙarshe yana sanar da ita an ba wani gurbinta. Ta karanta su duka a fili, ba ta yi kuka ba. Alhaji Musaddiq ne ya yi.

Allah ya jiƙan Malam Maliki, ya kai haske kabarinsa. Allah ya buɗe wa Ikilima wata ƙofar, ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya ba mu tsawon rai mu ga ƙarshen abin da muka fara musu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.