Ni Na Matsa wa Ƙanena Ya Yi Wayarin Kwalekwale

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Binta daga Yakasai.

Ƙanena Sani mai aikin wayarin ne. Bara mijin aminiyata, Malam Haruna, mai fito da kwalekwale mai inji a dam, ya nemi wanda zai sa masa batir da fitila. Na kira Sani. Ya ce, "Yaya, ni wayar gida na sani, ta ruwa daban ce." Na ce, "Haba Sani, wuta ai wuta ce. Na riga na amsa, kada ka ba ni kunya." Ya je ya haɗa da wayar gida, ya naɗe da salatif.

Bayan wata biyu laima ta ci mahaɗar wayar, ta yi tartsatsi kusa da jarkar fetur, wuta ta kama. Allah ya tsare fasinjoji, amma hannun Malam Haruna ya ƙone, har yau ba ya damƙar komai.

Kowa Sani yake zagi, shi kuwa bai taɓa ambata sunana ba. Don Allah Malam, karanta da sunana yadda na rubuta: ni na matsa masa. Masu sauraro ku ba ni shawara, da wace fuska zan shiga gidan aminiyata neman gafara?