Kwamfuta Mai Neman Dalili

Raliya: Salamu alaikum. Mas'ud, yau zumuncina da kai ya ƙare.

Mas'ud: Wa alaikumus salam, Yaya. An tashi lahiya?

Raliya: Lahiya lau. Ya gajiya?

Mas'ud: Ba gajiya. Ya mutanen Maradun? Ya Amira?

Raliya: Tana nan tana haƙori. Ya Gwaggo da ƙafa?

Mas'ud: Da sauƙi. Maigidan ya dawo daga Bakura?

Raliya: Sai Juma'a. Ya shago?

Mas'ud: Mun gode Allah. Ya ruwa wajenku?

Raliya: Ruwa ya yi gyara. Mun gama?

Mas'ud: Ina jin mun gama.

Raliya: To. Mi ka yi wa kwamfutata?

Mas'ud: Kin ga sauri, ko? Ai na san za ki kira.

Raliya: Na ga sauri. Da sauri take ƙin duk abin da na sa ta. Na aiko maka ita Mafara don ta rage nauyi, ka maido min kurma, makauniya.

Mas'ud: Kurma kamar ya?

Raliya: Ba sauti, ba kyamara. Yau bayan la'asar zan kare kundin digirina ta bidiyo, malamai na can sun shirya min tambayoyi. Da alli zan ba su amsa?

Mas'ud: Yau ne? Na aza sai wani... helo? Yaya?

Raliya: Ina jin ka. Ina bakin katanga, nan ɗai sabis ke zuwa. Yau ne. In na rasa wanga zama sai baɗi.

Mas'ud: Kwantar da hankalinki. Ba lalacewa ta yi ba. Manhajar da ke tuƙa ta na canza gaba ɗai, na sa miki irin ta sabar.

Raliya: Irin ta mi?

Mas'ud: Sabar. Babbar kwamfutar da bankuna da manyan ma'aikatu ke ajewa cikin ɗaki mai sanyi, sauran duka na ɗiba daga gare ta. Mutum ɗari na iya shiga lokaci guda.

Raliya: Madalla. Mu biyu ne cikin gidan, ɗayar ko zama ba ta iya ba.

Mas'ud: Ba ki gane ba. Ita ba ta da tarkacen wasanni da tallace-tallace. Sai ta shekara a kunne ba a kashe ta ba.

Raliya: A Maradun? Da wace wutar? Ka san batirin ya mutu tun bara. Kuma tunda ka taɓo maganar, duk sadda anka ɗauke wuta na sake kunna ta, sai ta tsare ni da tambaya, wai in rubuta dalilin da ya sa ta mutu ba zato.

Mas'ud: E, haka take. Tana son sanin dalili.

Raliya: Duk garin muna son sani! Ko ni zan kashe abata da hannuna, sai na ba da dalili. Wanda ya aure ni bai yi min wagga tuhuma ba.

Mas'ud: Tsari ne, Yaya. A banki in sabar ta mutu dole a san wa ya...

Raliya: Ga lambar sirri. Na sa sunan ɗiyata, ta ce bai isa ba. Yarinyar da anka yanka wa rago!

Mas'ud: Sai kin haɗa da babban baƙi da lamba. Tsaro ke nan.

Raliya: Tsaro ya yi kyau, har ni da ƙyar na samu shiga. Bar wannan. Ina sautin?

Mas'ud: Da gangan anka rufe shi. Sabar ba ta buƙatar magana, ba kowa zaune gabanta. Amma ana kunnawa. Dubi ƙasa wajen hagu, ki rubuta... helo?

Raliya: Ka dakata, hannu ɗaya ke gare ni, ɗayan na riƙe da waya sama da katanga. To, na buɗe. Wasu sunaye sun cika allo, sun fi mutanen kasuwar Talata yawa.

Mas'ud: Nemo wanda ke da sunan sauti, ki danna shi ya tashi.

Raliya: Na danna. An yi wani ɗan ƙara.

Mas'ud: Kin ji ko! Sauti ya zo!

Raliya: Ƙaran ƙin yarda ne, an rubuto min ja. Amma na ji shi, ban hana ka ladarka ba. Kyamara fa?

Mas'ud: Kyamara... ita tana ɗan son lokaci.

Raliya: Nawa?

Mas'ud: Sai an samo mata direba, 'yar manhajar da ke sa ta aiki.

Raliya: Ka bar ni da Turancinku. Za ta yi kafin la'asar ko ba za ta yi ba?

Mas'ud: Gaskiya irin kyamarar taki, ban taɓa jin wanda ta yi wa kan sabar ba.

Raliya: To kai da kake kiran bidiyo kullum, ya taka ta yi?

Mas'ud: Tawa?

Raliya: Taka. Baƙar kwamfutar nan da ke kan teburin shago.

Mas'ud: Ai ita ban sa mata ta sabar ba.

Raliya: Maimaita, sabis ya yanke.

Mas'ud: Na ce ban sa mata ba. Ta gama-gari ce a kai. Kin san ina kallon ƙwallo da ita, kuma aikin mutane na ciki, ba na son abin da zai...

Raliya: Sabis bai yanke ba, so na yi in ji sau biyu. Wato gwaji ka yi da tawa.

Mas'ud: Ba gwaji ba ne, Yaya, a makaranta anka nuna mana, ban taɓa samun inda zan...

Raliya: Mas'ud, rufe shagon nan. Saka baƙar cikin jaka da cajarta, ka hau mashin yanzu tun hanya na da mutane.

Mas'ud: In na zo ba ni iya komowa, kin san ba a bin hanyar nan da marece. Kuma yau akwai wasa!

Raliya: Akwai tabarma a zaure. Wasan ka kalla a sabar. In kuwa azahar ta yi ban gan ka ba, Gwaggo zan kira, in ce mata ka kurmantar min da digiri.

Mas'ud: Haba, kar ki sa Gwaggo ciki. Ga ni nan. Ki kashe taki ki aje min, in na iso in maido miki tsohuwar manhajar.

Raliya: Ina kashewa. Ga shi, ta tambayi dalili.

Mas'ud: Zaɓi na farko kawai, ki wuce.

Raliya: Na riga na rubuta.

Mas'ud: Mi kika rubuta?

Raliya: Sunanka. Ta karɓa.