Kayan da Nis Sauke a Fatakwal

Akuyar Inna ce tak kai ni Fatakwal. Ja ce, mai ciki ma, tas sai da ita ran kasuwar Gummi, taƙ ƙulle kuɗin a bakin zane tad damƙa mini. Ina da sauran kuɗin zinari a lokacin, amma na rantse ba zan hau mota da su ba. Ku matso, ku daina leƙen ƙofa. In ubanku ya zo, ni zai yi wa faɗa.

Kun san kabarin Luba, ɗiyata, amma ba ku san mi yak kashe ta ba. Ni ne. Shekarar da kowa yar ruɗe da haƙar zinari, cikin gida nike daka dutse, tana rarrafe cikin ƙurar tana kai hannu baki. Ranar da jijjiga tak kama ta, ko asibitin Bukkuyum ba mu kai ba tac cika. Daga baya likitoci sunka zo sunka ce gubar dalma ce. Uwarta tak koma gidansu, ni kuma garin yay yi mini zafi.

Fatakwal! Garin da ruwan sama ba ya gajiya. Can kowa sunansa "aboki", ko limami ne kai. Kalmar da nif fara koya ita ce "kwamot", wato gusa ka ba mutane wuri. Kwana uku ina zaton gaisuwa ce, ana ce mini kwamot ina cewa lafiya lau. Ku yi dariya, na yarda.

Dakon siminti nis samu, muna sauke tirela. Mutane na ɗaukar buhu ɗaya, ni biyu. Ba don ƙarfi ba. Gani nike in na wahalar da jikin nan sosai, wataƙila a rage mini. Ga azumin Litinin da Alhamis, ga nafila, abin da nis samu kuma in rabar sadaka, har mai gidan da nike haya, wanda suke kira landilo, yag gaji da ni.

"Aboki, wata ya mutu!"

"Allah ya jiƙansa," nic ce.

Hausarsa ba ta da yawa, amma ya ji rainin. Kafin azahar tabarmata da butata suna cikin kwata.

Satin nan nif faɗi ƙarƙashin buhu biyu, bayana yaƙ ƙi miƙewa. Oga yaz zo yana ihu wai a kwashe ni kar in mutu masa a shago. Sai wani dattijo mai gadin wurin yat tare shi. Baba Yohanna, mutumin Zuru, Hausa a bakinsa kamar a Anka anka haife shi.

"Oga, wata takwas yana yi maka aikin mutum biyu. In ka kore shi, ga makullinka."

Shi yak kai ni ɗakinsa, yay yi jinyata sati shida. Kirista ne, kuma shi ke tashe ni in lokacin salla ya yi. Wata rana yana gasa mini baya da ruwan zafi nib ba shi labarin Luba. Da nig gama, sai yac ce:

"Garba, buhu nawa za ka ɗauka su kai nauyin yarinyar nan?"

Yam matse tsumman, yac ci gaba.

"Ba ka iya biya, ɗana. Ba wanda ke iyawa. Mu abin da munka riƙe shi ne, Yesu Almasihu ya riga ya ɗauki kayan nan a kan gicciye. Ceto ba ladan aiki ba ne, kyauta ce. Naka kawai ka ba da gaskiya."

"Kyauta? Baba, garin nan ko ruwan sha sai an saya."

"Shi ya sa ba daga garin nan taf fito ba."

Na ji haushi ƙwarai. Nic ce ashe mutum sai ya yi ɓarna son ransa ya ce ya ba da gaskiya? Yac ce a'a, wanda anka tsamo daga kogi ba ya komawa don ya gwada mai tsamo shi. Aikin kirki yana biyo baya, godiya ce. Kusan shekara muna wannan gardama. Ko sau ɗaya bai ja hannuna zuwa coci ba. Kuma kar ku ji wai ina zagin kowa: Malam na nan garin ya gaya mini Allah mai gafara ne tun ran jana'iza, ban ce ya yi ƙarya ba. Ni dai a can ne maganar tas shige ni. Wata Lahadi da safe nis sa rigata nib bi Baba coci da ƙafata. Da munka fito nik kira sunan Luba da ƙarfi a bakin titi, karo na farko tun rasuwarta, ina kuka masu acaɓa na kallona.

Bayan shekara huɗu nid dawo, ban ɓoye na zama Kirista ba. Ubanku, Yaya Bello, yat tare ni a zaure.

"Nawa sunka ba ka?"

Niz zazzage jakata gabansa: riga biyu, man zafi, da atamfar Inna.

"Ga shi nan, Yaya, ƙirga."

Yac ce daga ranar a ware mini kwano, kar hannuna ya shiga na gida. Anka zubo mini tuwo a wani tsohon kwano can gefen rumbu. Ina zaune ni kaɗai sai ga Inna da sandarta. Taw wanke hannu, tay yi bisimilla, tas sa cikin kwanona.

"Inna!" in ji Yaya.

"Bello, hanyar da yab bi ba ta yi mini daɗi ba, ya sani. Amma ni nih haife shi, hisabi kuma ba a hannunka yake ba. Miƙo mini gishiri."

Yam miƙo kuwa.

To kun ji daga bakin Bappanku, ba daga bakin 'yan majalisar bakin kasuwa ba. Har yau akwai masu tsallake titi in sun hango ni, akwai waɗanda ba su sayen albasata. Su bari, mutanen Gummi na saye. Ba zan bar garin nan ba, nan anka binne cibiyata, nan anka binne ɗiyata. Wanda duk yat tambaye ku mi nis samo a ci-rani, ku ce ya zo fadama ya tambaye ni da kansa. Ina can kullum, ba ni da ƙofar rufewa.