Kada a Rufe Ɗakin Kwamfuta Saboda Shirun da Na Yi

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, Alhaji Nagoda; shugabar makarantarmu, Hajiya Rakiya; malamanmu masu daraja; iyayenmu na nan Tudun Wada da waɗanda suka taso tun daga Kwangila, ina gaishe ku. Ni ce Fiddausi, 'yar aji biyar. Na gode da kuka ba ni dama kafin ku yanke shawarar mayar da ɗakin kwamfutarmu ma'ajiyar kujeru.

An ce mun je gasar kwamfuta a unguwar Kongo mun zo na ƙarshe, don haka ɗakin bai tsinana komai ba. Ga yadda aka yi.

Na farko, harshen kwamfutar da aka ba mu, APL, yana sarrafa dogon jerin lambobi a lokaci guda, kuma bai san dokar da muka haddace a darasin lissafi ba. A wurinsa alamar ninkawa ba ta girmi ta tarawa ba. Daga dama yake farawa, kowace alama sai ta jira abin da ke damanta ya kammala. Goma a cire uku a cire biyu, a lissafinmu biyar muke samu. Shi kuwa sai ya cire biyu daga uku, saura ɗaya, sannan ya cire ɗayan daga goma: tara.

Na biyu, na san haka a ranar. Malam Mahmudu, malamin kwamfutarmu, ya sha gaya mana, "Ku bi shi daga dama, yadda kuke karanta allo." Na ga Yaya Atika, shugabar tawagarmu, tana lissafi daga hagu. Na ce, "Yaya, da dai..." Ta ce, "Ke ƙaramar alhaki, yaushe kika zama farfesa?" Na sunkuyar da kai. Kuskuren nan guda ya bi lambobi ɗari ya ɓata su duka.

A gida an koya mini kada in gyara wa na gaba da ni magana a bainar jama'a. Na kiyaye, muka faɗi. Tun ranar Malam Mahmudu yake ɗauke da laifin da ba nasa ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni na ga sanin da aka haɗiye ya fi shi.

Iyayena, Malam ya koyar, na'ura ta yi aikinta, ni ce na yi shiru. In hukunci za ku yi, ku cire ni daga tawagar, ku bar wa ƙannenmu ɗakin a buɗe.

Allah ya yi muku jagora, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.