Layin da Ya Ƙi Gogewa

A kan bencin shagon buga littattafai, wata dattijuwa ta juya wa mutumin da ke gefenta kwamfutarta.

"Malam, ka iya abin nan? Tarihin mahaifinmu na rubuta. Sau shida ina goge layin nan daga shafin abubuwan da ke ciki, da na sabunta sai ya dawo. Wallahi na gaji."

"Wanne, Hajiya?"

"Ga shi, tsakanin babi na huɗu da na biyar."

"'Ni kaɗai na yi jinyarsa, shafi na 63.' Ai wannan ba kan babi ba ne."

"Na sani."

"Siffar kan babi kika sa masa, shi ya sa na'ura take kwaso shi. Gogewa a nan wahalar banza ce. Sai an shiga ciki an mayar da shi kamar sauran rubutu. Kawo, aikin minti ɗaya ne."

"Shi ke nan ba zai ƙara fitowa gaba ba?"

"Sai wanda ya karanta har can."

Ta janye kwamfutarta.

"Bar shi, Malam. Yayyena ba sa wuce shafin farko."