Wa ya cire sunan Nomau?

Malam mai gabatarwa, bayan gaisuwa, ku da masu sauraro ku gaya mini: kokawa wasa ce ko ba wasa ba ce?

Sunana Bello, daga Badariya, amma Gulma aka haife ni. Kwamitin wasu matasa a Birnin Kebbi ke zaɓen gwarzon ɗan wasa duk shekara, wai irin yadda ake yi a Ingila. Bana na kai sunan yayana Nomau. Tun da aka yanke shinkafa yake shiga fage, daga Gulma har Argungu, bayansa bai taɓa ƙasa ba. Gwiwarsa ta fara ba shi wahala, ya ce wannan ce shekararsa ta ƙarshe.

Sakataren kwamitin ya dube ni ya ce, "Ina katin kulob ɗinsa?"

Na ce, "Yallaɓai, ɗan kokawa makaɗi gare shi, ba kati ba. Ku tambayi waɗanda ya kayar."

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai al'ada ce, ba wasanni ba." Suka ba da kyautar ga wani ɗan ƙwallon da rabin shekara a benci ya yi ta.

Ban yi boko mai nisa ba, amma ina karatu. Ku 'yan kwamiti, Turawan da kuke kwaikwayo har mai sukuwar doki suna sa wa cikin takara. Ku kuwa kunyar naku kuke ji.

Nomau yana gona, rediyo na gefensa. Shugaban kwamiti, ka zo gidan rediyon nan ka faɗa masa da bakinka cewa shi ba ɗan wasa ba ne.