Wayar Baba a Kashe

A tashar mota, bayan ambaliya ta kayar da ƙarfen sabis, wata mai goyo ta matso kusa da wani dattijo a kan benci.

"Baba, don Allah kunna wayarka."

"A kan me? Sabis babu, cajina saura kaɗan."

"Masu agaji ba su sa maka manhajar nan ba?"

"Sun sa. Ban ga amfaninta ba."

"Ai ba ruwanta da sabis. Saƙo daga waya yake tsallakawa zuwa ta kusa, har ya isa. Sun ce dabarar tururuwa ce. Kowace ta fita neman hanya, wadda ta dace sai ta bar ƙanshi, sauran su bi. Inda aka kashe waya kuwa, nan hanya ta yanke."

"To, ni tururuwa ne?"

"Maigidana yana tsallaken ruwa, bai san mun fito da rai ba."

"Yarinya, ki yi haƙuri. Cajin nan 'yata nake ajiye wa. Ita ma tana can, ga tsohon ciki. Idan sabis ya dawo zan kira ta."

"Wataƙila tun jiya take turo maka, Baba. Saƙonta yana ta yawo, kowa ya kashe waya yana jiran nasa."

Dattijon ya laluba aljihu, ya danna wayar, sannan ya miƙe tsaye.

"Kai, direba! Kwandasta! Ku kunna wayoyinku mana! Wane irin son kai ne wannan?"